Tarihin Gyaran Sautin Lasifika da Yadda Aka Koya wa Kunne Aiki



Da wuya a samu wani a cikinmu da bai taɓa ganin irin wannan ba. An cika fili, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, Sarkin Hausawa ko liman ya miƙe zai yi jawabi. Yana kai makirfo baki sai lasifika ta tsala wata ƙara mai shiga ƙwaƙwalwa. Yara su toshe kunne, dattawa su juya suna hararar yaron da ke zaune gaban amfilifaya, shi kuma ya kama murɗe-murɗe, bai san wanda ya kamata ya taɓa ba. In kukan ya tsaya sai a faɗa matsala ta biyu: ana jin muryar har layi na uku, amma na sahun baya bai gane ko kalma ɗaya ba. Mukan ɗora laifin a kan kayan, mu yi karo-karo a je Alaba a sayo manya. Sau da yawa a sayo ɗin, a ɗaura, matsalar tana nan inda take.

Wannan ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin abin. Fiye da shekara 100 ke nan ana fama da wannan kuka a duniya, kuma waɗanda suka shawo kansa ba da girman kaya suka yi ba. Sun yi ne da sanin sauti da kuma kunnen da aka horar.

Me ake daidaitawa?

Sauti kaɗawar iska ne. Idan makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammata, fatar takan ɗaure, ta riƙa kaɗawa da sauri, muryar ta yi sama ta sirance. In ya sassauta, kaɗawar ta ragu, muryar ta yi ƙasa ta yi kauri. Yawan wannan kaɗawa a cikin daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da hertz, sunan da aka ɗauko daga wani masanin Jamus, Heinrich Hertz, wanda ya rasu a 1894. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga hertz 20 zuwa 20,000, kuma na saman yana raguwa da shekaru.

Muryar mutum ba kaɗawa ɗaya ba ce, tarin kaɗawa ce da ke fita tare. Kaurin muryar namiji yana can ƙasa, wajen hertz 100 zuwa 200. Abin da ke sa a bambance kalma da kalma kuwa yana sama, daga 2,000 zuwa 4,000, har ya wuce. Aikin na'urar da masu sana'ar ke kira ikwalaiza shi ne ta ba mutum dama ya ƙara wani sashe ya rage wani, maimakon ya ɗaga komai gaba ɗaya.

Malamin da ya yi aiki da matashin kujera

Labarin ya fara tun kafin a ƙirƙiro lasifika. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta gina wani ɗakin lacca da ya zama abin kunya, domin in malami ya yi magana, amsa-kuwwa takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo, kalmar baya ta hau kan ta gaba. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, nauyin nemo mafita. Kayan aikinsa bututun busa ne, da agogon ƙidayar daƙiƙa, da kunnensa. Cikin dare, bayan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa, su jera, a busa, ya saurara ya ƙidaya lokacin da sautin zai ɗauka kafin ya mutu. Kafin gari ya waye su mayar da matasan.

Daga nan ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi: tsawon amsa-kuwwa ya danganta ne da girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. Da wannan ilimi aka tsara babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Darasin ya shafe mu kai tsaye. Masallacin da aka manna wa tayil tun daga ƙasa har bango, aka rufe da kwano ba sili, zai yi amsa-kuwwa ko wace irin amfilifaya aka kawo. Darduma, labule da jikin jama'a su ne matasan kujerunmu. Shi ya sa sautin da aka gyara da safe masallaci ba kowa yakan canza idan an cika sahu ranar Juma'a.

Daga wayar tarho zuwa dandalin taro

Ita kanta dabarar daidaitawa a wayar tarho aka haife ta. Bayan Alexander Graham Bell ya fito da tarho a 1876, kamfanoni suka lura cewa idan waya ta yi nisa, sashen sama na murya yana raunana fiye da na ƙasa, sai magana ta iso a dushe. Injiniyoyin kamfanin Bell, irin su George Campbell da Otto Zobel, suka ƙera da'irorin lantarki masu tace sauti da masu gyara wannan rashin daidaito, don abin da ya fita ya yi daidai da abin da ya shiga. Daga nan sunan ya samo asali. Ma'aunin ƙarfin sauti ma, wato desibel, daga sunan Bell aka ciro shi a shekarun 1920. Kamfanonin tarho sun tsaya a kan kusan hertz 300 zuwa 3,400 kawai, domin sun gano wannan ɗan tsakanin ya isa a gane magana. Ya kamata mu riƙe wannan, don a nan ne maganar take.

Lasifikar taro kuwa ta bayyana a 1915, lokacin da Peter Jensen da Edwin Pridham suka ƙera wadda suka kira Magnavox a jihar Kalifoniya. A jajibirin Kirsimeti na shekarar suka gwada ta a gaban jama'a a birnin San Faransisko. A 1919 Shugaba Woodrow Wilson ya yi amfani da ita ya yi wa dubun-dubatar mutane jawabi a San Diego. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da lasifika mai faifan takarda, wadda ita ce kakar waɗanda ke cikin akwatunanmu a yau.

Tare da lasifika kukanta ya zo. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Søren Larsen, shi ya yi bayanin dalilinsa, har a wasu ƙasashen Turai da sunansa ake kiran abin. Sauti ya fita daga lasifika, ya koma cikin makirfo, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, ya sake komawa, kamar kare mai bin wutsiyarsa. Muhimmin abu shi ne, ba duk sautin ke wannan zagayen ba. Kaɗawa ɗaya ce, wadda ta fi sauran ƙarfi a wannan wuri da wannan makirfo, take fara kukan. Wanda ya gane ta zai rage ta ita kaɗai. Wanda bai gane ba sai ya kashe komai.

Ba a daɗe ba abin ya iso wuraren ibada. An ruwaito cewa Masallacin Sultan da ke Singafo ya ɗaura lasifika don kiran salla a 1936, kuma shi ne na farko da aka sani. A nan ƙasar, akwatin rediyo mai waya da Turawan mulki suka fara rabawa a Legas a shekarun 1930 ya kai Kano a 1944, ga kuma motocin majigi da ke yawo gari-gari da lasifikarsu. Daga nan ta shiga taron siyasa, wa'azi, Maulidi, biki da tallan magani a tasha, har muka saba da kakakin TOA da amfilifayar Ahuja kamar tare muka taso.

Kunne ba sikeli ba ne

A 1933 wasu masu bincike biyu na Bell, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda mutane ke jin ƙarfin sauti. Suka gano kunne ba ya yi wa kowace kaɗawa adalci. Ya fi saurin jin abin da ke tsakanin hertz 2,000 da 5,000, yana kuma da nauyi wajen jin na ƙasa sosai, musamman in an rage ƙarfi. Wannan ya bayyana abubuwa biyu da muke gani kullum. Na farko, dalilin da ya sa kukan lasifika ke da zafi haka: yawanci a wannan yankin yake faɗawa. Na biyu, dalilin da ya sa gyaran da aka yi a hankali yakan canza idan an ƙure murya.

A shekarun 1930 masu silima suka fara sa na'urorin da mutum zai iya murɗawa ya gyara sauti yadda ya ga dama. Daga baya aka fito da Pultec, wadda har yau ɗakunan ɗaukar waƙa ke ji da ita. Amma dandalin taro ya daɗe a baya. A 1965 mawaƙan Ingila The Beatles suka yi wasa a filin Shea na birnin New York gaban mutum fiye da 55,000, ihun jama'a ya danne kayan sautin, su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa.

A wannan zamanin ne wani farfesa a jihar Texas, C. Paul Boner, ya nuna hanyar da ake bi har yau. Yakan shiga zaure ko majami'a, ya ɗaga sauti sannu a hankali har kuka ya fara, ya gano kaɗawar, ya sa matacin da zai rage ita kaɗai, sannan ya ci gaba zuwa ta gaba. A 1967 Don Davis na kamfanin Altec Lansing ya mayar da wannan tunani kayan sayarwa. Daga nan aka saba da ikwalaiza mai maɓallai 31 a jere, masu hawa da sauka, kowanne da lambarsa daga 20 zuwa 20,000. A 1972 George Massenburg ya gabatar da wata iri da ke ba mutum damar zaɓar ainihin kaɗawar da yake so, da faɗin yankin da zai taɓa, da yawan abin da zai ƙara ko ya rage.

Sai wata sabuwar matsala ta taso. Ga maɓallai 31 a gabanka, lasifika tana kuka, jama'a sun zuba maka ido. Wanne za ka ja? Na'urar ba za ta gaya maka ba. Dole kunne ya ji ƙarar ya ce wannan 2,500 ce, hannu ya tafi wurin.

Makarantar kunne

Turawa sun mayar da wannan darasi na aji. A Jamus, tun 1949 aka buɗe sashen horar da masu sauti a makarantar kiɗa ta garin Detmold. A Folan, makarantar kiɗa ta Chopin da ke birnin Warsaw ta tsara wani kwas na musamman na horar da kunne, kuma ɗaya daga cikin malamanta, Tomasz Letowski, ya wallafa bayaninsa a 1985. A shekarun 1990 wani Ba'amurke, Dave Moulton, ya fitar da faya-fayan atisaye masu suna Golden Ears, mutum ya riƙa koyo a gida.

Dabarar da ta fi burge mu a cikin wannan koyarwa ita ce ta wasula. An lura cewa idan aka ɗauki sautin "shuuu" irin na ruwan sama a kan kwano, aka ƙara wa wani sashe ƙarfi, sai ya ɗauki kamannin wani wasali. Idan aka ɗaga 250, sai a ji kamar "u". A 500 sai ya koma "o". A 1,000 ya zama "a". A 2,000 ya yi kamar "e". A 4,000 ya zama "i". A 8,000 kuwa sai a ji "sss". Waɗannan su ne wasulan Hausa biyar cif, babu ragi babu ƙari. Duk yaron da ya iya cewa u, o, a, e, i yana da tsanin a bakinsa. Ƙasa da 250 kuma akan ji abin har a ƙirji.

Akwai wasu alamomi biyu da muka daɗe muna ji ba mu san lambarsu ba. Ƙarar nan ta "fit, fit, fit" da BBC ke yi kafin cikar awa, wadda aka fara tun 1924, hertz 1,000 ce. Gurnanin da amfilifaya ke yi idan waya ta sami matsala kuwa hertz 50 ne da ninkinsa, domin a kan 50 wutar lantarkin Najeriya take kaɗawa. Maganin wannan gurnani gyaran waya ne, ba jan maɓalli ba.

Yadda ake atisayen ba wuya. Mutum biyu su zauna, a kunna wannan "shuuu" ko karatun da aka sani sosai. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya ɗaga maɓalli guda da desibel 12, ya mayar, ya tambaya: wanne ne? A fara da lambobi shida ɗin nan na wasula. In kunne ya saba, a sauko zuwa desibel 6, sannan 3, sannan a koma ragewa maimakon ƙarawa, wanda ya fi wuyar ganewa. Minti 10 zuwa 15 a rana, da sauti marar ƙarfi, ya fi a kwashe yini guda sau ɗaya a wata. Yanzu ma akwai manhajojin waya da ke yin wannan tambayar da kansu.

Da haka mai koyo yake haɗa taswira a kansa. Muryar da ta yi duhu kamar ana magana cikin tulu, matsalarta tana wajen 200 zuwa 400. Wadda ta yi kamar mai mura ko mai magana ta hanci, wajen 800 zuwa 1,000. Wadda ke sukar kunne, 2,500 zuwa 4,000. Wadda "s" ɗinta ke tsartuwa, 6,000 zuwa 8,000. Ga masu karatun Alƙur'ani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin sautin sin da sadi da zayi a can sama yake. In an datse saman gaba ɗaya don gudun kuka, alaramma zai fitar da harafi daidai amma ba zai isa kunnen mamu daidai ba.

Abin da tarihin ya bar mana

Yau miksa ta koma ta kwamfuta. Tun da Behringer ta fito da X32 a 2012, irin waɗannan suka yi araha har suka shiga hannun masu haya na unguwa, da allo mai nuna kowace kaɗawa. Duk da haka allon ba ya sanin ko tsohon da ke sahun ƙarshe ya fahimci huɗuba. Ƙa'idojin da masu sana'ar suka gada ba su canza ba. Lasifika ta kasance a gaban mai magana tana kallon jama'a, ba a bayansa ba. Mai magana ya matso da makirfo kusa da baki, kada kuma ya dunƙule kansa da tafin hannu, don hakan na jawo kuka. A datse abin da ke ƙasa da hertz 100 a makirfon magana. A fi yawan ragewa a kan ƙarawa. Kafin jama'a su zo, a yi irin ta Boner: a ɗaga a hankali, a rage kaɗawa uku ko huɗu da suka fara kuka, a tsaya nan, a ɗan sauko da ƙarfin. Sannan a guji jera maɓallai kamar murmushi, gefe da gefe a sama tsakiya a ƙasa, domin tsakiyar da aka danne ita ce maganar. Kakakin kan hasumiya kuma ba a ƙera shi don kauri ba, tura masa bes ƙona shi kawai yake yi.

Muna da dalilai na kanmu na ɗaukar wannan da muhimmanci. Mu da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan, Ama Hausa ta Owerri ko Fatakwal, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtan da ba yarenmu ɗaya ba, wasu ba addininmu ɗaya ba. A 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci-coci da masallatai da dama saboda ƙara. Sautin da aka gyara yana isar da saƙo ba sai an ƙure shi ba, kuma kaurin da ke ratsa bango ya hana maƙwabci barci shi ne sashen da magana ba ta ma buƙata. Haƙƙin maƙwabci kuwa ba sai mun tuna wa juna matsayinsa ba.

Sai lafiyar 'ya'yanmu. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada wuraren taro su wuce desibel 100. Lalacewar ji ta dalilin ƙara takan fara ne a wajen hertz 4,000, daidai inda ake rarrabe kalmomi, kuma in ta tafi ba ta dawowa. Yaran da ke rawa a bakin akwati ranar biki, da matashin da ke kwana gaban miksa, su ne kan gaba a wannan haɗari.

Shawararmu ga kwamitocin masallatai da shugabannin unguwanni ita ce, kafin a sake yin karo-karon sayen kaya, a zaɓi matasa biyu ko uku masu natsuwa a ba su wannan amana, a haɗa su da wanda ya iya, a ba su lokacin atisaye da ɗan abin hasafi. Sana'a ce da ake ci da ita a wurin biki, taro da ɗakin ɗaukar waƙa. Mu da harshenmu ke bambance ma'ana da hawa da saukar murya, muka kuma taso muna gane abin da kalangu ke faɗa, ba mu da uzurin cewa kunnenmu ba zai koya ba.

Waɗanda ke wannan aiki a unguwanninsu, muna so su ba mu labarin yadda suka koya da irin matsalar da suka fi fuskanta, don wasu su ƙaru. Allah Ya kare mana jinmu da ganinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.